Tafiyarmu Idu da Kankare a Bokiti

Tun da muka dawo daga Abuja ban sha ruwa da daɗi ba a makarantar nan. A masallaci a tare ni, a wurin mai shayi a tare ni, kowa tambayarsa ɗaya: "Shugaba, yaya Abujar?" In na ce lafiya lau, sai a ce ai ba haka aka ji ba. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Amma ku sani, ni da na je da ƙafata, akwai abubuwan da har yau ban gane yadda aka yi suka faru ba.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, muna da ƙungiyar ɗalibai masu karatun injiniyan gine-gine da hanyoyi, kuma ni Mubarak ni ne tsautsayi ya sa aka zaɓa shugabanta bana. Dukiyarta gaba ɗaya ɗaki ne guda a ƙarƙashin bene, da benci biyu, da kwatamin ruwa da muke jiƙa kankare. Shugaban sashe ya daɗe yana hararar ɗakin nan, so yake ya mai da shi sito. Ranar da ya kira ni ofis bai yi kwana-kwana ba. Ya ce babbar ƙungiyar injiniyoyi ta shirya wa ɗalibai gasa a Abuja, makarantun da suka yi abin kirki za ta karɓe su su zama reshenta.

"In kun dawo da reshe, ɗaki naku ne," in ji shi. "In kun dawo hannu rabbana, ka kawo min makulli da kanka."

Gasar ba ta da wuyar ganewa. Kowace makaranta za ta kwaɓa kankarenta, ta zuba 'yan tubala masu kusurwa daidai wa daida, waɗanda muke kira kiyub. Ana jiƙa su cikin ruwa kusan wata guda su yi ƙwari, sannan a kai guda uku a sa a inji ya matse su har su fashe. Wanda nasa ya fi jimiri shi ya ci. Haɗin namu Hauwa'u ce ta tsara shi, 'yar ajinmu da ba ta dariya sai da dalili. Ta rage siminti ta cike da tokar ɓuntun shinkafa, zango guda tana fama da shi. Biyun da muka gwada a gida sai da injin makaranta ya yi nishi kafin ya fasa su. Saura huɗu, muka ce uku na gasa, ɗaya na ko-ta-kwana. Na ukunmu a tafiyar shi ne Bulus, wanda muka ɗauka saboda ƙarfinsa, don kiyub ɗaya sai ka sa hannu biyu.

Hauwa'u ta ce kada kankaren ya bar ruwa sai ranar gasa. Shi ya sa muka isa tasha da sassafe da bokitan fenti biyu, kowanne da kiyub biyu a nutse. Kamasho ya ɗaga murfi ya leƙa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Duwatsu za ku kai Abuja? Garin da duwatsu suka yi wa yawa? Kuma har da ruwan shansu?"

Na fara yi masa bayani, ya ɗaga min hannu ya ce in riƙe karatuna. Ba mu yarda an sa bokitan a but ɗin mota ba, a tsakanin ƙafafunmu muka riƙe su. Duk ramin da mota ta faɗa sai ruwa ya fantsamo. Wani dattijo da ke kusa da ni, mai zuwa duba 'yarsa a Keffi, tun yana janye ƙafa har ya cire takalmansa ya rungume. Kafin mu sauko daga Jos ya daina amsa min sannu.

A Uke motar ta ɗau zafi, tururi ya taso daga gaba. Muka firfito. Ni da Bulus muka nufi wata mata mai gasa doya a bakin titi. A gida doya sai an dafa ko an soya, nan kuwa a kankare ta da wuƙa a miƙo maka da manja da barkono, kuma wallahi ta yi daɗi. Muna cikin ci muka ji ihun Hauwa'u. Ashe direba ya nemi ruwan zuba wa lagireto, ya ga ga ruwa har bokiti biyu a cikin motarsa. Mun tarar ya juye rabin ɗaya, ita kuma ta riƙe hannun bokitin tana ce masa ruwan nan akwai siminti a ciki, zai toshe masa inji. Shi kuma yana cewa shekarunsa a titi sun fi shekarunta a duniya, bai taɓa ganin dutsen da ƙishi ya kashe ba. Mai doya ce ta raba, ta ba mu ruwan jarkarta muka cike. Da ta tambayi abin da ke ciki na ce kankare ne, sai ta gyaɗa kai ta ce ita ma akwai bokan da ya taɓa ba ta irinsa.

Matsalar gaske a bakin shiga Abuja ta same mu, bayan cunkoson Mararaba, a wani shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ya ga mutum uku sun matse bokitai da ƙafafu, ya ce mu sauko da su. Hausarsa irin ta can ce, wadda namiji da mace duk ɗaya ne.

"Wannan mene ne?"

"Kankare ne, ranka ya daɗe."

"Cikin kankaren fa?"

"Kankare ne."

"To me ya sa ka ɓoye ta cikin ruwa?"

Muka nuna katin makaranta, muka yi Turanci, muka yi Hausa, Bulus ya yi Turancin buroka. Ya ce duk ya ji, amma sai ya ga cikin ɗaya. Aka aro guduma wurin mai faci. Ya ɗora kiyub a gefen titi ya maka masa, guduma ta yi tsalle. Ya sake, ya sake, har ya cire hula. Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba: ana ɓarnata mana aiki, amma daɗi nake ji yana ƙin fashewa. Na dubi Hauwa'u, ido ya kawo ruwa, baki kuma yana murmushi. Da ƙyar ya rabe biyu. Jami'in ya duba, tsakuwa da yashi, ya share gumi.

"Kai, wannan abu tana da ƙarfi. Ku tafi."

Haka na ko-ta-kwana ya tafi, saura uku cif, ba mu da na asara.

Masaukinmu a Kuje ne, gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana. Kwatancen da ta ba ni a waya shi ne in na ga gidan yari in yi kamar zan shiga sai in karya hagu. Kafin mu ga gidan yarin mun canza mota sau nawa ban sani ba. A garinmu kana cewa direba ga inda za ka, ya ce shigo ko ya ce a'a. A Abuja kowa hannu yake nunawa, wannan ya nuna sama, wannan ya nuna ƙasa, mota ta tsaya, kafin ka buɗe baki ta cika ta wuce. Gadojin da muke zanawa a aji ga su a kanmu, Bulus yana ta nuna min, ni kuwa hankalina yana kan murfin bokiti. Wani direban ya kira ni oga, na ji daɗi, sai na ji ya kira mai tallar gyaɗa ma oga.

Mun isa gab da magariba. Gwaggo ba ta nan, ta tafi biki Gwagwalada. Mijinta Malam Sule, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, shi ya tarbe mu, rediyo a kunne. Na ajiye bokitan a gindin famfo kusa da kicin, na yi masa bayani tiryan-tiryan, yana cewa "To, to, madalla." Na ɗauka ni yake amsa wa. Hauwa'u ta shiga ɗakin 'yan matan gidan, ni da Bulus aka ba mu shagon waje. Gajiya ba ta bar mu mun jira dawowar Gwaggo ba.

Da safe bayan na yi salla na koma na ɗan kishingiɗa, sai na ji ana buga ƙofa a hankali. Hauwa'u ce. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Mubarak, fito ka gani."

A tsakar gida Gwaggo tana zaune a kujera 'yar tsugunno, tana fifita wuta. Ƙatuwar tukunya tana kan murhu. Murhun kuwa duwatsu uku ne masu kusurwa daidai wa daida. Bokitanmu suna gefe, ɗaya an jiƙa wanki a ciki.

"A'a, Injiniya! Zo nan in gan ka. Kai, haka ka zama?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi babana, ta tambayi innata, ta tambayi ƙannena da sunayensu, har da akuyar da aka sayar tun ina firamare. Ina amsawa ina kallon harshen wuta yana lasar kankarenmu. Ta ce gas ɗinta ne ya ƙare, ga baƙi, ta rasa yadda za ta yi, duwatsun murhunta kuma yara sun kwashe sun yi gola da su.

"Sai Allah ya nuna min waɗannan a bokiti. Ka ga yadda tukunya ta zauna? Ko motsi ba ta yi. Shinkafa da wake nake yi muku, ba za ku fita gasa da yunwa ba."

Wuta ita ce babbar abokiyar gabar kankare, ballantana jiƙaƙƙe. Duk mu ukun mun san haka, mun rubuta shi a jarrabawa. Hauwa'u ta matso ta ce min ƙasa-ƙasa, "Ka yi magana. Yanzu aka ɗora, in an sauke da sauran dama."

Yanzu ku da kuke dariya ku gaya min yadda ake yi. Matar nan ita ta goya ni lokacin da innata ta yi doguwar jinya. Ta dawo daga biki a gajiye, ta tashi tun da duhu don mu. Ta ina zan fara ce mata ta sauke tukunyar da ta ɗora wa baƙinta, ta yi mana ɓarna? Na buɗe baki da niyyar faɗa, wallahi da niyyar faɗa. Abin da ya fito shi ne, "Gwaggo, waken ya kusa nuna?"

"Ina! Waken Abuja taurin kai gare shi. Ku je ku yi wanka."

Hauwa'u baƙuwa ce, ba ta da bakin magana a gidan da aka ba ta shimfiɗa. Na dubi Bulus, ya raɗa min cewa a wajensu ma wanda ya sa aka sauke tukunyar uwa sai an yi masa zaman dangi. Malam Sule ya fito da rediyonsa, ya dubi murhu, ya dubi bokitai, ya dube ni. Na ga lokacin da bayanin jiya ya iso masa. Ya ce bari ya je ya sayo burodi, bai dawo ba har muka bar gidan.

Muka zauna a tabarma muna kallo. Can sai ɗaya ya yi ƙara tas, guntun kankare ya yi tsalle ya faɗi gaban Bulus. Gwaggo ta ce, "Ikon Allah, dutsen nan da rai." Hauwa'u ta tashi ta shiga ɗaki.

Mun ci abincin. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi daɗi, ga mai ga yaji, kuma wannan ya ƙara min baƙin ciki. Da muka gama na tattara sauran ƙarfin halina na ce, "Gwaggo, duwatsun nan da su za mu tafi, su ne na gasar."

"Ayya! Ka ce min mana! Tsaya, da zafi, kar ku ƙone."

Kafin in miƙe ta ɗauki bokiti ta sheƙa musu ruwan sanyi. Suka yi cuuu, tururi ya tashi, na ji 'yan ƙananan ƙararraki daga cikinsu. Sannan ta sa soson ƙarfe ta dirje baƙin tas, ta ce ba za a ce ɗanta ya kai kaya da datti gaban manya ba. Ta raka mu har bakin titi tana sa mana albarka.

Idu, inda ake gasar, unguwar masana'antu ce, manyan sito-sito da tireloli da layin dogo, kowace ƙofa kamar 'yar'uwarta. Da muka sami wurin, wani ruɗanin ya taso. Ni a zatona ƙungiyar injiniyoyi ɗaya ce. Sai ga tebura a jere: wannan ta dukkan injiniyoyi ce, wannan ta masu gine-gine kaɗai, wannan ta masu hanyoyi, wannan ta mata, waɗannan kuma sun ce su ba ƙungiya ba ne, su ke ba da izinin aiki. Kowa da rigarsa da tambarinsa, kowa yana cewa nasu ne ya kamata ɗalibi ya fara shiga. Na je tebur uku ina gabatar da kaina kafin a gaya min ba su suka shirya gasar ba. A na huɗu Bulus ya kira ni Injiniya, wani mutum mai taye ya juyo ya tambaye ni yaushe aka yi min rajista. Na ce ina aji biyar. Ya ce to kar in sake amsa sunan nan sai na cancanta. A gida tun ranar da na sami gurbin karatu ake kira na Injiniya, har gyaran fanka ake kawo min.

A layin awo muka fito da kiyub ɗinmu. Sun yi wani fari-fari da ja-ja, ga siraran tsaga kamar gashi. Wani ɗalibi daga wata makarantar kudu, Tunde, da ke bayanmu, ya leƙo ya yi fito. Mutumin kirki ne, ya yi zaman Zariya yana jin Hausa.

"Aboki, wannan ta mutu. Muna da guda uku ƙari a mota. Ka ɗauka, ba wanda za ta sani. Kiyub kiyub ne."

Bulus ya taka min ƙafa. Hauwa'u ta ce in muka karɓa, ba haɗinta aka gwada ba, ita za ta fita waje. Ni kuma ɗakinmu nake gani, da makullin da ke aljihuna. Ina so in ce muku na ƙi, amma ban ƙi ba, ban kuma karɓa ba. Ina tsaye ina juya abin a raina aka kira sunan makarantarmu, wani ma'aikaci ya zo ya kwashe namu ya yi gaba.

Shugabar alƙalan wata Hajiya ce mai furfura, injiniya a wata hukumar tarayya. Ta juya kiyub ɗaya, ta shafa tsagar, sannan ta sunkuya ta shinshina.

"Hayaƙi nake ji. Gobara kuka yi a hanya?"

Na faɗa mata gaskiya, da Hausa, a hankali. Ban lura abin magana yana kunne a gabanta ba. Waɗanda suka ji Hausa suka fara dariya, suka fassara wa na kusa da su, dariya ta bi zauren layi-layi. Aka sa na farko a inji. Na sauran makarantu in sun fashe sai ka ji kamar an harba bindiga. Namu murmushewa ya yi kamar ƙuli-ƙuli. Na biyu ma haka. Na uku ya ɗan yi gardama, har Hauwa'u ta ɗaga kai, sannan shi ma ya bi 'yan'uwansa.

Hajiya ta kashe abin maganar ta kira mu kusa.

"Wa ya tsara haɗin?" Hauwa'u ta ce ita ce. "Ƙila yana da kyau, 'yata. Amma abin da aka kawo min shi zan auna." Ta juyo kaina. "Kana tsaye aka yi?"

"Ina tsaye, ranki ya daɗe."

"Ba ka yi magana ba?"

"Gwaggona ce."

Ta ce, "Na sani. Ni ma ina da gwaggo. Amma ranar da ɗan kwangila zai zuba maka kankaren banza a gada, shi ma sa'an babanka ne, kuma shi ma abinci zai ba ka."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

Da aka zo rufe taro aka yi ta jawabai, aka kira makarantu ɗaya bayan ɗaya, har da mu. Aka ba kowannenmu hular kwano ruwan ɗorawa, aka tafa, aka ɗauki hoto. Muka dubi juna. Bulus ya ce tausayi ne ya kama Hajiya, an karɓe mu. Nan take ya buga waya makaranta, shi ne ihun murnar da aka ce kun yi a ɗakunan kwanan ɗalibai. Sai a bakin ƙofa na ga su Tunde da farare. Na tambaye shi, ya dafa kafaɗata ya ce farar ta waɗanda aka karɓa ce, ruwan ɗorawa ta duk wanda ya zo ce, har direbobi an ba.

Ba mu koma Kuje ba. A Mararaba muka kwana wurin yayan Bulus, na ce don mu sami motar farko ne, amma gudun idon Gwaggo nake. Ta yi ta kira a hanya ban ɗauka ba. Tafiyar dawowa ba bokiti, ga wuri a ƙafafunmu har ya yi yawa.

Shekaranjiya na kai makulli. Shugaban sashe bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Jiya ina tsaye a bakin ɗakin, ana kwashe ruwan kwatami ana shigar da karyayyun kujeru, Hauwa'u tana tattara sauran tokarta a buhu, sai wayar Gwaggo ta shigo. Na ce yau dai zan faɗa mata komai. Na ɗauka.

"Injiniya, shiru haka? Yaya duwatsun, sun yi abin kai?"

"An fasa su, Gwaggo."

"An fasa? Innalillahi! Duwatsu masu kyau haka? Mutanen Abuja ba su san darajar abu ba. Kar ka damu, ɗana, Allah zai saka maka. Ka ji, in kun tashi yin wasu, ka zuba min uku nawa daban. Tunda nake girki tukunya ba ta taɓa zauna min haka ba."

Hauwa'u ta daina abin da take yi, ta zuba min ido tana jira. Na gyara murya, na buɗe baki.

Na ce, "To, Gwaggo."